Kafin Ku Hau Hanya da 'Ya'yan Mutane

'Ya'yana, kwanan baya samari biyu da wata budurwa suka zo gaishe ni da yamma. Da aka gaisa aka sha ruwa, sai babbansu ya ciro waya ya matso kusa da ni. Wasu yara ne 'yan Yuganda a kan dandamali a Amurka, sun sha anko, suna waƙa suna rawa, jama'a sun miƙe tsaye ana ta tafi. Ya ce, "Mama, irin wannan muke so mu yi. Muna da yara ashirin da biyu masu murya, har an gayyace mu garuruwa uku a hutun ƙarshen shekara." Na ji daɗi har cikin raina, na sa musu albarka. Sannan na tambaye su inda yaran za su kwana a daren farko, da wanda zai riƙe maganin mai asma, da ko iyayen duka sun san sunayen garuruwan nan uku. Suka dubi juna. Budurwar ta ce, "Mama, ba mu kai nan ba tukuna."

Ban ga laifinsu ba, don ni ma da haka na fara. Shekara goma sha huɗu na yi ina bin ƙungiyar mawaƙa ta yaran wata makaranta a ƙasar Filato, daga Jos zuwa Bauchi da Gombe, zuwa Kafanchan da Zariya, cikin kosta ɗaya, ganguna da katifu a ɗaure a sama. Abin da hanya ta koya mini shi nake so in ba ku, ku masu kwasar yara gari-gari, ko na makarantar Lahadi ne da ake kaiwa taron shekara, ko na Islamiyya da ake gayyata walimar sauka da Mauludi. Waƙar da ake yi wa tafi ba ta wuce sa'a guda. Da an sauko daga dandamali, wannan mai zaƙin murya ɗan wani ne kawai, mai jin yunwa da barci da kewar uwarsa, kuma a hannunku yake har gari ya waye.

Yaran da aka nuna mini a waya na gane ƙungiyarsu, African Children's Choir ce. Wani bawan Allah mai suna Ray Barnett ya kafa ta a 1984, lokacin da yaƙin basasa ya bar Yuganda da marayu ba iyaka. Tun daga lokacin ake fita da su rukuni bayan rukuni zuwa Amurka da Kanada da Birtaniya, har sun yi waƙa a babban taron Live 8 a Landan a 2005, da bikin cikar Sarauniyar Ingila shekara 60 a kan gado a 2012. Wannan shi waya ke nunawa. Ba ta nuna watannin da ake yi ana horar da yaran kafin su tashi. Ba ta nuna manyan da ke tafiya da su, waɗanda yaran ke ɗauka tamkar inna da kawu, wasunsu ma tsofaffin yaran ƙungiyar ne da suka girma suka dawo. Akwai malamai a cikinsu, ana yin darasi a kan hanya. Kuɗin da ake tarawa kuwa na karatu ne, in an koma gida yaran su shiga makaranta a ci gaba da ɗaukar nauyinsu. Wato dalilin tafiyar yana jiransu a gida, a cikin aji.

To ɗana, kafin ka nemi mota, ka zauna ka tambayi zuciyarka: wannan tafiya don wa za a yi ta? In amsar ita ce don a san sunanka, ko don hanya ta buɗe maka zuwa waje, ka dakata. Ba zargin ka nake yi ba, kowane matashi na son a yaba masa. Amma na san inda wannan hanyar take ɓullewa in ba a taka mata birki ba. A shekarun 1990 wani mutum daga jihar Teksas ya je Zambiya ya ji muryar wasu yara maza masu waƙa ba tare da kiɗa ba. Aka yi wa iyayensu alkawari: za a biya yaran, za su yi karatu, za a gina makarantu a gida. Aka kwashe su rukuni-rukuni zuwa Amurka. Da suka isa, sai waƙa sau da yawa a yini, daga wannan coci zuwa waccan makaranta, kuɗi na shigowa, su kuwa alkawari ya bi ruwa. Wanda ya buɗe baki a yi masa barazanar mayar da shi gida cikin kunya. Sai wajen shekarar 2000 hukumomin Amurka suka raba sauran yaran da wannan bauta. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Kuma masu sauraronsu mutanen kirki ne, sun ba da kuɗinsu suna zaton taimako suke yi.

Shi ya sa nake roƙon ku game da kuɗi. Ko liƙi ne, ko baiko, ko ambulan da wani babban mutum ya miƙo a ƙofar mota, mutum biyu su ƙirga, a rubuta a littafi a daren, a sa hannu. In an dawo a tara iyaye a karanta musu: ga abin da ya shigo, ga na mai, ga na abinci, ga abin da ya rage da inda za shi. Na ga ƙungiyoyi da suka watse, ba don an ci kuɗi ba, sai don ba a rubuta ba, zato ya sami wurin zama. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Wanda kuma ya zo muku da daɗin baki, zai samo wa yara biza, a ba shi fasfo ya riƙe, a yi sauri kada dama ta wuce, kada ku ji nauyin bincikarsa. Tun 2003 akwai hukumar NAPTIP mai yaƙi da safarar mutane, a shekarar ce kuma aka yi dokar kare haƙƙin yara ta ƙasa. Mai gaskiya ba ya tsoron a tambayi hukuma a kansa.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ku bi gidajen yaran ɗaya bayan ɗaya da ƙafarku, ku durƙusa ku gaida iyaye, ku faɗi garuruwa da ranar dawowa, ku karɓi amincewarsu a rubuce da lambar waya biyu. A nan ne uwa za ta ja ki gefe, 'yata, ta gaya miki abin da ba za ta faɗa a taro ba: wannan sikila gare shi, sanyi da ƙishirwa ke tayar masa da ciwon, wannan in ƙurar hunturu ta yi yawa numfashinta na sarƙewa, wannan ba ya cin gyaɗa. Ki rubuta duka a littafi guda da ba ya barin jakarki. Ki iya haɗa ruwan gishiri da sukari da ka, cokalin shayi shida na sukari da rabin cokali na gishiri a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, don sauyin ruwan sha na kawo gudawa, ita kuwa ba ta jiran a isa gari.

Yanzu bari in ba ku labarin da har yau in na tuna shi gabana ke faɗuwa. A hanyar Bauchi zuwa Gombe muka tsaya a wani gidan mai yara su kewaya. Rana ta yi, muna latti. Na tsaya a bakin ƙofa na ɗaga murya, "Kowa ya shigo?" Suka amsa baki ɗaya, "Eh, Malama!" Direba ya ja. Mun yi tafiya mai ɗan nisa sai wata yarinya ta taɓa kafaɗata ta ce ba ta ga 'yar autarmu ba, ta ɗauka tana gaba wurina. Ni kuma na ɗauka tana baya wurinsu. Shekararta bakwai. Ban san yadda direba ya juya motar ba, ni dai addu'a kawai nake yi, bakina ya bushe. Muka same ta zaune a kan tabarmar wata tsohuwa mai sayar da dafaffiyar gyaɗa, hawaye ya bushe a fuskarta, an cika mata hannu da gyaɗa ba ta ci ko ɗaya ba. Na durƙusa ina godiya. Tsohuwar ta dube ni ta ce, "Ɗa na kowa ne, Malama, amma a riƙa ƙirgawa."

Daga ranar ban sake tambayar yara ko sun cika ba. Nakan tsaya a ƙofa in dafa kan kowane yaro yana shiga, wani malami ya sake ƙirgawa daga ciki, sai lissafinmu ya zo ɗaya mota ke tashi. Kowane yaro da abokin tafiyarsa wanda ba ya zama sai ya gan shi. Ko sau goma aka tsaya a yini, sau goma za a ƙirga. Za a ce kun cika ɓata lokaci. Ku bari a ce.

Tafiyar dare kuwa ku yafe ta, komai nacin masu gayya. Wanda ya san Hawan Kibo da gangarensa ba zai so ya bi shi da yara ashirin cikin duhu ba, ga kuma halin da hanyoyinmu suke ciki a yau. Sannu ba ta hana zuwa. Ku kula da direba kamar yadda kuke kula da mai jan baiti: ya ci ya ƙoshi, ya sami wurin kwana na kirki, kada a bar shi a mota yana gadin kaya har asuba sannan a ce ya tuƙa.

Akwai wani jarrabi da ke zuwa da fuskar alheri. In yara suka yi waƙa ta yi daɗi, nan take za a yanyame ku: ku zo cocinmu gobe da safe, ku tsaya gidan mai gari, ku ƙara baiti biyu. Ƙin amsawa na da nauyi, balle ga matashi a gaban manya. Amma likitoci sun ce ɗan shekara 6 zuwa 12 na buƙatar barcin sa'a 9 zuwa 12, mu kuwa mukan tsayar da su har sha ɗayan dare mu tashe su da asuba. Kwana uku a haka, murya ta dushe, faɗa ya soma a bayan mota, mai kuka na yi ba dalili. Ku dubi ƙungiyar yara maza ta Biyana, babban birnin Ostiriya, wadda asalinta ya koma 1498. Takan yi wasa kusan 300 a shekara, amma yaran kusan 100 ne, an raba su gida huɗu, ana karɓa-karɓa, wasu na hanya wasu na aji. Ku da ke da rukuni ɗaya tak, sai ku rage wasan. Ku koyi cewa, "Ranka ya daɗe, mun gode, amma yaran sun gaji, sai wani jiƙon." Ban taɓa ganin dattijon kirki da ya yi fushi da wannan magana ba.

Batun masauki ba na sassauci a kansa. Masu masauki za su ce a raba musu yaran, kowa ya ɗauki ɗaya don ya sami lada. Ku gode musu, amma yaro ba ya kwana shi kaɗai a gidan da ba ku sani ba, ko gidan wane ne. Biyu ko uku tare da babba daga cikinku, mata da mace, maza da namiji. Kai ma kanka, ɗana, kada ka kulle ƙofa kai da yaro ku biyu, ko gyaran murya za ka yi masa. Ku zauna inda ido ke gani. Wannan kariya ce gare shi, kariya ce gare ka. In yarinya ta ce ba ta son komawa gidan da ta kwana jiya, kada ki ce rigima ce, ki sauya mata wuri tukuna sannan ki bincika. Kuma ku riƙe sirrin yara. Akwai masu fitsarin kwance, baƙon wuri na ƙara musu. Ni leda nake shimfiɗa wa ƙananan duka a ƙarƙashin zani, don kada a san ta wane ce.

Abin da ya fi ci mini rai a duk shekarun nan ba hatsarin mota ba ne, ba ciwo ba ne. Muna da wata yarinya marainiya, 'yar shekara tara, uwarta ta rasu tana gani. Wata rana a tsakiyar wasa aka miƙa mata abin magana ta faɗi labarinta. Ta fara, muryarta ta karye, ta fashe da kuka, mata suka yi ta share hawaye, baikon ranar ya ninka na kullum. Sai abin ya shiga tsarin wasa. Kowane gari, bayan waƙa ta huɗu, a kira ta. Ni ma ina wurin, ban hana ba, na ce wa kaina ai don kuɗin makarantarsu ne. A gari na biyar ina ɗaura mata ɗankwali a bayan ɗakin taro, tana tsaye tsakanin gwiwoyina, sai ta tambaye ni a hankali ba tare da ta juyo ba, "Malama, yau ma sai na yi kukan?"

Hannuna ya tsaya a kan ƙullin. Yarinyar nan ta gane abin da mu manya muka ƙi ganewa, cewa mutuwar uwarta ta zama hajar da muke bajewa. Na ce mata a'a, yau waƙa kawai za ki yi. A daren na gaya wa shugabanmu an daina, muka ɗan yi sa-in-sa, daga baya ya yarda. Baiko ya ragu, har muka soke gari ɗaya don kuɗin mai bai kai ba. Ita kuwa a daren ta yi waƙa tana murmushi, karo na farko a tafiyar.

'Ya'yana, ku kiyayi wannan, don yanzu ya fi sauƙin aukuwa. A zamaninmu labarin na tsayawa a ɗakin taro. Yau kuwa hoto ɗaya a Facebook, da rubutun "marainiya, ba ta da kowa" a ƙarƙashi, zai bi yarinya har ranar aurenta. In za ku nemi taimako, ku manya ku yi bayani da bakinku, ku faɗi buƙatar makaranta, ba tare da nuna wane da yatsa ba. Su yaran a bar su su tsaya da mutuncinsu a matsayin masu kawo wa jama'a abu mai daɗi. Haka nan ku lura da tafi, yana bugarwa. Mai jan baiti za a yi ta ɗagawa ana ɗaukar hoto da shi, na layin baya ba mai kallo. Ku riƙa juya baitin yana zagayawa, kuma wanda aka fi yi wa tafi jiya shi ma ya ɗauki tsintsiya ya share mota yau.

Kada wannan duka ya sa gwiwarku ta yi sanyi. Da za a mayar da ni baya da na sake hawa kostar nan. Na ga yaron da bai taɓa fita unguwarsu ba ya manne fuskarsa a gilashi yana kallon duwatsu har barci ya sace shi. Na ga masu jin kunyar ɗaga ido sun dawo suna gaida manya da murya a sake. Akwai wata sa'a da yamma, rana ta yi ja, kowa ya gaji, sai wata ƙaramar murya ta ɗauko waƙa daga kujerar baya ba wanda ya sa ta, sauran su karɓa a hankali, direba ya kashe rediyo. Ba mai tafi, ba mai ɗaukar hoto, kuma ban taɓa jin sun yi waƙa mai daɗin wannan a kan dandamali ba. Tafiya mabuɗin ilimi ce da gaske. Sai dai ku ma ku kula da kanku, ku yi barci, ku karɓi juna aiki, don babban da ya gaji shi ke ɗaga hannu ya mari yaro a kan abin da bai kai ya kawo ba, ya zo yana da-na-sani.

Sannan akwai ranar da ba a cika shirya mata ba. Murya aro ce, musamman ta ɗa namiji. Joseph Haydn, wanda ya zama ɗaya daga manyan masu tsara kiɗa na Turai, ya yi kusan shekara tara yana waƙa a babban cocin Biyana tun yana yaro. Da muryarsa ta fashe aka sami dalili aka sallame shi a 1749, yana ɗan shekara 17, ba shi da wurin kwana sai da wani ya tausaya ya ba shi masauki. Mu ma mun yi irin wannan, ko da ba mu kori kowa ba. Yaronmu da ya yi shekara huɗu yana jan baiti, muryarsa ta fara kauri, sai kawai aka daina kiran sunansa in za a yi tafiya. Ba wanda ya zaunar da shi ya gaya masa cewa girma ne, ba laifi ba ne. Watanni bayan haka uwarsa ta tare ni a kasuwa ta ce ya daina zuwa makaranta, wai ba shi da sauran amfani a can. Na je gidan, na same shi a zaure, da ƙyar ya ɗago ya dube ni. Sai da na yi sawu uku kafin ya yarda ya dawo. Muka ba shi ganga da littafin sunaye, muka sa malamin lissafi ya zauna da shi ya cike abin da tafiye-tafiyenmu suka sa ya rasa, don ashe ya yi baya ƙwarai ba mu lura ba. Ya gama sakandare, amma da ƙyar, kuma rabin wahalar mu muka jawo masa.

Don haka in kun dawo, kada ku sauke yara a bakin makaranta ku watse. Ku mayar da kowane ɗaya hannun da kuka karɓe shi, ku ba da labarin abin da ya ci da ciwon da ya yi. Bayan mako biyu ku leƙa ajinsu ku ga littattafansu. Yaron da aka yi kwana goma ana yi masa tafi, ya dawo aka ce ya je ɗibar ruwa, zuciyarsa na buƙatar mai lallashi.

Su waɗannan samari da budurwa da suka zo gaishe ni, na ce su dawo ranar Asabar da sassafe, su zo da babban littafi mai kauri da sunayen yaran ashirin da biyu. Ƙafata ba ta da ƙarfi kamar da, amma zan raka su gida biyar na farko, don su ga yadda ake durƙusawa a gaban uwa a roƙi aron ɗanta.